Leonce Mai Ɗan Ƙarfe

Mijin yayata, Leonce Vidrine, kurma ne tun kafin furfura ta fito masa, kuma shi ne yake riƙe wa makaɗan garinmu kiɗa. Duk baƙon da na gaya wa haka sai ya ɗauka tsiya ce irin tawa, don an san ni da baki. To, ba tsiya ba ce. Shekara arba'in da ɗoriya yana tsayawa a gefen dandamalin Bikin Lemu na nan Belle Anse, ɗan ƙarfensa mai kusurwa uku na rataye a hannun hagu, yana kaɗa shi da 'yar sandar ƙarfe. Mai akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugi, da mai goge da mai jita duk shi suke bi, shi kuwa ba ya jin ko ɗaya a cikinsu.

Injin matsar rake ne ya cinye masa kunne. Yana ɗan saurayi ya shiga aikin, a zamanin da in ka toshe kunnenka da auduga abokan aiki za su tambaye ka ko a kawo maka siket. Ya fara da "me ka ce?", ya koma gyaɗa kai ga kowace magana yana murmushi. Ranar da Fada ya tare shi a bakin coci ya ce masa iska ta kwashe rufin ɗakin taro, Leonce ya kama hannunsa ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara." Daga ranar yayata Odile ta ce abin ya isa haka. Ta zaunar da shi a kicin, ita a nan shi a can, ta dinga yi masa magana a hankali har ya koyi karanta bakinta. Nata kaɗai. An saya masa na'urar kunne, ya ce hayaniyar duniya kawai take ƙara masa, ya jefa ta cikin aljihun tebur tare da tsofaffin makullai. In kana son Leonce ya ji ka, Odile za ka gaya wa, ita kuma ta juya masa fuska ta maimaita ba murya. A asibiti haka, a kasuwa haka. Har cewa ake yi da ita yake shiga furta zunubi gaban Fada, amma wannan kam sharrin mutane ne.

Ni ya ce bakina ba ya karantuwa. "Noella, naki bakin kamar akuya na tuƙa, ba farko ba ƙarshe." Na ce Allah ne ya rufa masa asiri da ya toshe kunnen, don da yana jin rabin abin da nake faɗa a kansa da tuni ya bar garin. Odile ta fassara masa, ya yi dariya har da dukan tebur. Haka muke da shi tun ranar da ya fara zuwa gidanmu zance da takalmi duk laka.

Dogo ne, siriri, ba ya fushi da wuri, kuma wannan yana ba ni haushi. Da ya bar aikin rake sai ya koma wa itatuwan lemunsa na bayan gida. Shi yake yi wa rabin garin auren bishiya da wata 'yar wuƙa da ta cinye saboda washi, ba ya karɓar komai sai kofi baƙi. Abu ɗaya ne yake ɓata masa rai, ya ga mutum ya fizgi lemu da hannu. Irin lemunmu fatarsa sakwa-sakwa ce, in ka fizga sai ta yage a wuya, ya ruɓe kafin a kai kasuwa. Da almakashi ake yanka shi, a bar masa ɗan ganye. Ɗansu ɗaya, yana can Houston, ya sha duka a yatsu kan wannan.

Ɗan ƙarfen kuwa mahaifinsa ne ya ƙera shi da haƙorin wata tsohuwar manjagara irin wadda doki ke ja. Baƙi suna ganinsa su ɗauka abin wasan yara ne. A kiɗanmu, mu Cajun jikokin Faransawa, da can ba ganga, ɗan ƙarfe shi ne abin da ƙafa take bi. Akodiyan ya yi kukansa, goge ya yi nasa, mawaƙi ya yi ta kiran matar da ta gudu da Faransancin kakanninmu, amma wanda yake can ƙarshen fili ƙarar ƙarfen nan ce take gaya masa inda zai sa diddige. Leonce yana damƙe ƙarfen ya saki, ya damƙe ya saki, sautin ya mutu ya tashi a tafin hannunsa.

Yadda yake yi ba ya ji shi ne wannan. Kafin a fara, ana barbaɗa garin masara a kan katakon rawa don ƙafa ta yi santsi. Odile za ta je ta tsaya a kusurwar hagu, daidai ƙasan inda yake, sanye da farin takalmi don ya fita a ido. Mai akodiyan na ja, ita ta ji, ta taka. Leonce ya dubi ƙafarta, taku ɗaya, taku biyu, ya shiga. Daga nan makaɗa shi suke bi, gari na bin makaɗa, shi kuma idonsa na kan ƙafar yayata har waƙa ta ƙare. In an yi sauri ta danna diddige, in an yi sanyi ta ɗaga. Ke nan duk rawar da aka yi a Belle Anse tsawon shekarun nan, da ta aure da ta bikin lemu, ƙafar Odile aka bi, matar da aikinta girbin lemu da jera shi a akwati. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa. Mu nan mun iya barin kaza cikin gashinta.

Abokiyar rawarta kuwa ni ce. Maza ba su da tabbas, wannan ya gaji, wancan ya tafi neman giya, wani kuma ya ja ta tsakiyar fili inda Leonce ba zai gan ta ba. Mijina, Allah ya ji ƙansa, gara ka ce ya ɗauki buhun shinkafa da ka ce ya taka rawa. Sai ya zama ni ce namijin. Ni nake riƙe ƙugunta, ni nake juya ta, ina tsare ta a kusurwar nan kamar mai gadin kaji.

Bana, sati guda bayan Ista, Odile na shanya kaya a bayan gida ta faɗi. Shanyewar ɓarin jiki. Ta rayu, mun gode Allah, amma hannun dama da ƙafar dama sun tafi, bakin kuma ya karkace gefe guda. Maganarta tana fita da nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Ni ina ganewa, gado ɗaya muka kwana muna yara, ko tari ta yi na san abin da take nufi. Leonce ne bai gane ba. Bakin da ya yi shekaru yana karantawa ya sauya masa.

Na ga abin da idona ranar da aka dawo da ita gida. Ta ce masa ruwa take so, ya zura wa bakinta ido, ya tafi ya kawo bargo. Ta ce a'a, zauna kawai, ya je ya buɗe taga. Ta sake faɗa, ya sake kallo, har goshinsa ya yi gumi. Sai ta juya fuska bango. Shi kuma ya ɗauki hularsa ya fita wajen itatuwan lemu, ya daɗe a can, alhali ba abin yi a gonar a watan.

Sai na koma yini a gidan. Ita ta faɗa, ni in tsaya gabansa in kwarma masa ina nuni da hannu, ya kama ɗaya ya saki uku. Mata da miji suna ɗaki ɗaya, sai ta bakina za su ce wa juna an kwana lafiya. Akwai kuma maganar da ba a aikawa da ita ta bakin ƙanwa. Ina ganin irinta ta taho wa Odile har leɓe, ta dube ni, ta haɗiye. Shi yake yi mata wanka, shi yake taje mata gashi, ya ɗaga ta ya sauke, duk shiru. Ƙafar da ta mutu ba ta dame ni kamar shirun nan ba. Shi ne yake bi na har gida.

Da sanyi ya fara shigowa lemu ya soma ja, sai Odile ta tayar da maganar biki.

"Zai yi kiɗa," ta ce.

"Da wace ƙafar, Yaya?"

"Taki."

"Tawa? Mutumin da ya ce bakina na akuya ne, me zai ce da ƙafata?"

"Gaya masa."

Na gaya masa. Ya dubi ƙafafuna ya daɗe, irin kallon da ake yi wa motar da za a saya a hannun maƙaryaci. Muka ture tebur gefe, na kunna kaset, na rungumi tsintsiya mai dogon hannu na fara takawa. Ya shiga da ƙarfensa, bai yi nisa ba ya tsaya.

"Ƙafarki ƙarya take yi."

"Ƙafar tawa? Ita ta riƙe maka matarka shekara arba'in."

Bai ji ba, ya ci gaba da nasa. "Kin fara da hagu. Kuma gaba kike yi. Odile da dama take farawa, ta yi baya."

Gaskiyarsa. Ni takun namiji na iya, shi kuma takun mace ya saba karantawa, komai nawa a juye yake a idonsa. Haka na zauna ina koyon rawar mata da tsufana, jikokina na makarantar sakandare. Odile na keken guragu tana dukan hannun kujera da hannunta mai lafiya, in na kuskure ta ce, "Jaka." Wannan kalmar kam tana fita tas, ban san dalili ba. Wani lokaci abin ya yi kyau har tsakiyar waƙa, sai ƙafata ta tuna da tsohon halinta ta yi gaba, ƙarfen Leonce ya bi ta cikin daji.

Shugaban makaɗan yanzu Dudley Falgout ne, ɗan marigayin da Leonce ya fara kiɗa da shi. A hannun Leonce ya girma, Nonk yake ce masa, wato kawu, kamar yadda duk 'yan bayanmu suke ce masa. Mutumin kirki ne Dudley, irin kirkin da ba ya iya kallon idonka ya faɗa maka abin da ba ka so. Suka yi gwaji a garejinsa, ni ina rawa tsakanin injin yankan ciyawa da kwale-kwale. Leonce ya ɓace sau da yawa. Duk lokacin da ya ɓace sai makaɗan su sunkuyar da kai kowa na kallon takalminsa. Da aka gama Dudley ya dafa kafaɗarsa ya ɗaga masa babban yatsa. Ni ma na yi zaton ya yanke shawarar a yi haka nan, ko da tangarɗa.

Ranar Asabar ɗin biki rana ta fito mai daɗi. An shimfiɗa katako a filin coci kusa da rafi, lemu tsibi-tsibi a kan tebura, ko'ina ƙamshin ɓawo da na miyar kuɓewa da jatan lande. Odile ta sa aka saka mata shuɗiyar rigarta, na tura ta har kusurwarta ta hagu na danna birki. Abokin rawa kuwa na samo Alcide, tsohon ma'aikacin gidan waya, na gargaɗe shi cewa in ya ja ni tsakiyar fili zan karya masa ƙafa.

Muna nan sai ga Mis Earline Celestine ta ratso mutane, da doguwar riga mai walƙiya da takalmin roba, wanda za ta hau dandamali da shi na hannunta. Ita take dafa abincin 'yan firamare, ranar Lahadi ta ja waƙa a cocinsu na baƙar fata, ranar bikin lemu kuma ita da makaɗanta suke hawa bayan namu su yi irin kiɗansu da ake kira soul har rana ta faɗi. Tare suka yi aikin jera lemu da Odile suna 'yan mata.

"Mis Odile, haka za ki yi mini? Ki rame ki bar ni da ƙiba ni kaɗai?"

Odile ta yi dariya da rabin baki ta ce wani abu. Na ce, "Ta ce rigarki ta fi ki kyau."

"Na ji ta, Noella, ba ni ce kurman ba." Ta sunkuya ta gyara mata wuyan riga. "Ke dai bari in gaya miki. Tun ina da ƙugu nake waƙa a filin nan, ba ki taɓa tsayawa kin ji ni ba. Mijinki na sauka, sai ku bi bayan mota."

Ba ƙarya ta yi ba. Muna yara, in makaɗan baƙar fata za su hau, iyayenmu tattara mu suke yi a tafi gida, su ma nasu ba sa shigowa sai mun watse. Wannan ya wuce tun tuni, yanzu kowa da kowa ke cakuɗa a kan katako ɗaya. Amma ƙafa ta riga ta saba hanyar mota. Leonce ya sauka a gajiye, Odile ta ce akwai wanke-wanke, shi ke nan an tafi.

Namu suka hau. Na lura Dudley ya kawo wani mai ganga daga garin gaba, ya ce wai don a ƙara armashi. Akodiyan ya ja, na yi baya da ƙafar dama kamar yadda aka koya mini, na ga hannun Leonce ya shiga daidai. Zuciyata ta yi fari. Sai da muka yi nisa na ji wani abu ya ɓace a kiɗan. Na kasa kunne. Akodiyan na nan, goge na nan, ganga na dukan ƙirji, amma ɗan ƙarfe babu shi a lasifika. Makirufo na gabansa, hannunsa na aiki, sautin bai wuce dandamali ba. Na ɗaga kai na dubi Dudley, ya kawar da ido ya dubi itatuwa.

Ya sa an kashe masa makirufo. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsoho ba ya ji, ba zai sani ba, ya tsaya a wurinsa da mutuncinsa, mai ganga ya riƙe kiɗa, kowa ya tafi gida da farin ciki. Irin dabarar da sai mu muke yin ta, mu da muka gwammace mu mutu da mu faɗa wa babba gaskiya a ido. Garin neman gira ake rasa ido.

Leonce kurma ne, amma ba makaho ba ne, kuma kallon ƙafa shi ne sana'arsa. A waƙa ta biyu na ga ya ɗauke ido daga kaina ya bi fili da kallo. Ya san yadda diddigen mutane ke sauka a kan bugunsa, ya ga yau ba a kansa suke sauka ba. Sai ya gwada. Ya sauke hannu, ya tsaya cak.

Da can in ƙarfen Leonce ya yi shiru na numfashi ɗaya, fili gaba ɗaya sai ya yi tuntuɓe, a juyo a ga me ya faru. Yau ba wanda ya juyo. Mutane na ta juyi suna dariya, garin masara na tashi. Ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya rataye ƙarfen a jikin sandar makirufo, ya soke 'yar sandar a aljihu, ya sauko a hankali yana dafa gwiwa. Ya jawo akwatin lemu ya kife shi a kan katako kusa da keken Odile, ya zauna. Ta miƙa hannu ta kama hannun rigarsa. Ba wanda ya dubi wani.

Da suka gama Dudley ya taho, hula a hannu, fuska ja wur. Ban bar shi ya buɗe baki ba. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita a nan ba, filin coci ne, kuma Fada ya riga ya ji sau ɗaya. Leonce na kallonmu, ya ɗaga hannu.

"Ƙyale shi, Noella. Ban ji me kike cewa ba, amma na ga ya isa." Ya juya ga Dudley. Muryarsa ba ta da ƙarfi. "Ubanka ma da ya ga na ƙare, sauke ni zai yi. Sai dai shi zai zo gida ya sha kofi ya gaya mini."

"Nonk, ban so ka ji ciwo ba ne."

Leonce ya dube ni. "Me ya ce?"

"Ya ce shi jaki ne," na ce.

Dudley ya tsaya yana murza hula, ya rasa inda zai sa kansa, ya tafi. Leonce ya miƙe ya kama hannun keken. "Mu je gida."

Odile ta ce, "A'a. Zan ji Earline."

Bai gane ba. Ya saki birki ya fara turawa. Ta sauke ƙafarta mai lafiya ta dasa a katako, keken ya juya gefe. Ya zagayo ya durƙusa gabanta yana kallon bakinta, ta faɗa, ta sake faɗa, idonsa ya cika da ruwa don bai kama ko kalma ɗaya ba. A gaban mutane. Na shiga tsakani na nuna masa dandamali, na nuna ƙasa, na kwarma, "Ba ta tafiya." Ya koma kan akwatinsa ya zauna, hannuwa tsakanin gwiwa, kamar wanda ke jiran likita.

Makaɗan Earline ba sa ɗora manyan lasifikokinsu a dandamali, a kan katakon rawa suke girke su. Ɗaya na nan kusa da mu, tsayinsa ya kai ƙirjina. Mai babbar jita ya taɓa igiya, wani gurnani ya fito ƙasa-ƙasa, irin wanda a ciki ake jin sa. Masu kakaki suka shigo a hankali. Earline ta sauya takalmi, ta rufe ido, ta ɗauko wata waƙa mai sanyi ta matar da mijinta ke aiki a rijiyar mai cikin teku, tana ajiye masa abinci a murhu. Kiɗanmu ba shi da irin wannan gurnani, duk sama-sama yake, inda kunnen Leonce ya mutu.

Na ga ya dubi ƙafafunsa. Ya sunkuya ya ɗora tafin hannu a kan katako, ya bar shi a nan.

"Noella, mene ne wannan?"

Na nuna masa mai jita. Ya dube shi, ya dubi hannunsa. Yatsunsa suka fara ɗagawa suna sauka, daidai, ba kuskure, ba tare da ya kalli ƙafar kowa ba. Earline tana gani daga sama. Ba ta daina waƙa ba, ta dai yi wa mai jitar alama da yatsa, gurnanin ya ƙaru har akwatin lemu na rawa.

Sai ya miƙe, ya sunkuya, ya zura hannu ƙarƙashin hammatar Odile kamar yadda yake yi kullum in zai kai ta gado.

"Za ka kayar da ita," na ce. Kurumta dai tana da ranarta, bai ko waiwayo ba.

Ya tsayar da ita a jikinsa, hannu ɗaya a bayanta, ɗaya riƙe da mataccen hannun a ƙirjinsa. A nan ne wani abu ya faɗo mini. Ban taɓa ganin mutanen nan biyu sun yi rawa ba. Ko ranar aurensu yana kan dandamali, ni na yi rawa da amarya. Ya san ƙafarta fiye da yadda ya san fuskarsa, bai taɓa taka rawa tare da ita ba.

Kuma bai iya ba. Wallahi bai iya ba, ban taɓa ganin rawa mai muni irin wannan ba. Yana jan ƙafa kamar mai tafiya cikin taɓo, tata mara lafiyar na biye tana zana layi a garin masara. Ba ta da ƙarfin riƙe wuya, kanta ya faɗa jikinsa, kuncinta ya manne da muƙamuƙinsa, bakinta a gindin kunnensa. Mutane suka buɗe musu wuri ba tare da an tsaya kallo ba. Ni kuma ina biye da su da keke, taku da taku, ina jiran faɗuwa.

Shi ya sa na ji. Odile ta ce, da nauyin bakin nan nata, "Kana sauri, tsoho."

Na buɗe baki zan kwarma masa kamar kullum.

"To, na rage," ya ce.

Ya rage kuwa. Suka yi taku biyu, sannan ya tsaya cak a tsakiyar fili, ya gane abin da ya faru. Ko ƙashin muƙamuƙinsa ne ya kai masa, ko kusancin ne, ban sani ba, ban kuma tambayi likita ba.

"Ka ji ni?" ta ce.

"Na ji ki." Ya ƙara matse ta, bai yarda kuncinta ya rabu da nasa ba. "Faɗi wani abu kuma."

"Ba ka iya rawa ba."

"Wa ya koya mini? Ci gaba."

Ta ci gaba. Waƙar ta kai ƙarshe, Earline ta juya hannu a iska, makaɗan suka koma farko ba su tsaya ba. Bakin yayata na ta motsi a gindin kunnensa, shi yana gyaɗa kai, wannan karon gyaɗawar wanda ya ji. Ta fara wata magana da ta soma da ranar da ta faɗi a wurin shanya, na gane ba tawa ba ce. Kuka nake yi sosai, ba na ko ɓoyewa. Na juya keken, na tura shi can bakin katako inda ba zan ji su ba, na zauna a ciki.